Yadda ake gane ciwon fata a jikin kifin zinariya da yadda ake maganinsa a yanayin Yamai

Kifin zinariya, wanda masana suke kira Carassius auratus, ba kifin ƙasashen zafi ba ne. A ƙasar Sin aka fara kiwonsa domin ado fiye da shekara 1000 da suka wuce, daga can ya shiga Japan da Turai, kuma har yau jikinsa ya fi sakewa a ruwan da zafinsa yake tsakanin digiri 18 da 24. Wanda ya ajiye shi cikin akwatin gilashi a Yamai, inda zafin rana yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, sannan dare ya yi sanyi har ƙasa da digiri 18 a tsakiyar hunturu, ya kamata ya san cewa kifin nasa yana fama da yanayin da ba nasa ba, kuma a fatarsa ake fara ganin wahalar. Yauƙin da yake rufe jikin kifi shi ne garkuwarsa. Idan ruwa ya ɓaci, ko zafi ya yi yawa, ko an kama shi da busasshen hannu, yauƙin nan yana lalacewa, sai ƙwayoyin cutar da dama suna cikin ruwan su sami ƙofar shiga. Saboda haka ba a fara wannan aiki daga kantin magani. Ana farawa da kallo, a bi da gyaran ruwa, magani kuwa shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: a tsaya a kalli kifin

A zauna gaban akwatin na tsawon minti 10 ko 15 ba tare da an zuba abinci ko an ƙwanƙwasa gilashi ba, domin kifin da ya ga abinci yakan ɓoye rashin lafiyarsa. A lura ko yana goga jikinsa a tsakuwa ko a jikin kayan ado, ko ya naɗe fukafukansa a jiki, ko ya kwanta a ƙasa, ko ya tsaya a saman ruwa yana haɗiyar iska. A duba marfin da yake gefen kansa, wanda yake rufe jan naman da yake numfashi da shi, wato mashaƙa, a ga ko yana bugawa da sauri fiye da yadda aka saba. Bayan haka a kashe fitilar ɗaki a haska shi da tocila daga gefe, domin hasken gefe yana fito da ƙananan ɗige-ɗige da toka-tokar yauƙi waɗanda ba a gani da rana. A ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, saboda bayan kwana 3 ido ba zai iya tuna ko gyambon ya ƙaru ko ya ragu ba.

Akwai tambaya guda da take raba aikin gida biyu: kifi ɗaya ne ya kamu, ko dukansu? Idan dukansu suka canza a rana guda, to da wuya a ce ƙwayar cuta ce, galibi ruwa ne ko guba. A tuna abin da ya faru cikin mako biyu da suka wuce, ko an kawo sabon kifi, ko an wanke matatar ruwan akwatin, ko wutar lantarki ta daɗe ba ta dawo ba, ko an fesa maganin sauro a ɗakin. Wannan na ƙarshe yana kashe kifi da sauri ƙwarai, kuma injin iska yana zuƙar feshin ya tura shi cikin ruwa kai tsaye.

Mataki na biyu: a auna ruwa, a canza shi

Kifin zinariya yana da ci, yana da yawan kashi, kuma yana fitar da sinadarin amoniya cikin ruwa. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zaune a cikin soson matata da tsakuwa su ne suke mayar da amoniya ta zama nitrit, sannan nitrit ya zama nitrat wanda gubarsa ba ta kai tasu ba. A sabon akwati, waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, shi ya sa mafi yawan asarar sababbin masu kiwo take faruwa a watan farko. Idan akwai kayan gwajin ruwa, amoniya da nitrit su nuna sifili, nitrat kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita. Abin da ya shafe mu musamman shi ne, gubar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, a daidai lokacin da iskar oksijin take raguwa: ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne kawai, alhali kifin ya fi buƙatarta a cikin zafi.

Ko akwai kayan gwaji ko babu, a cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a yi amfani da tiyo a zuƙe dattin da ya kwanta a tsakuwa, a mayar da sabon ruwa wanda zafinsa bai bambanta da na akwatin da fiye da digiri 2 ba. Ruwan pampo yana ɗauke da kulorin da yake ƙona fata da mashaƙar kifi, don haka a sa masa maganin kashe kulorin, ko a tara shi a buɗaɗɗen bokiti cikin inuwa ya kwana ya wuni. A bazara kada a ɗebi ruwan da ya fito daga tiyon da ya sha rana a zuba kai tsaye. A maimaita wannan canji kullum na kwana 3, a daina ba da abinci na kwana 2, domin kifi lafiyayye ba ya mutuwa da yunwar kwana 2, amma abin da ya ci yana komawa amoniya. Soson matata kuwa, a cikin tsohon ruwan akwatin ake matse shi, ba a ƙarƙashin pampo ba, kuma sabulu ko omo ba sa kusantar komai na kifi. Idan wuta ta ɗauke na awanni masu yawa, dattin da yake cikin rufaffiyar matata yana ruɓewa, saboda haka a ɗauraye ta kafin a sake kunnawa, a kuma riƙa ɗiban ruwa da kofi ana kwararo shi daga sama domin iska ta shiga.

Domin rage zafi, a janye akwatin daga taga da bangon da rana take duka, a buɗe murfinsa, a juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimakawa a ranar da abin ya tsananta, sai dai sanyin da ya sauka farat ɗaya shi ma yana karya kifi.

Mataki na uku: a rarrabe abin da ake gani

Nan ne aikin yake, domin cututtuka biyu suna iya yin kama da juna a ido, amma abin da yake warkar da ɗaya ya tsananta ɗayar.

Fararen ɗige-ɗige ƙanana, masu girman ƙwayar gishiri, waɗanda suka watsu a jiki da fukafukai da wutsiya, tare da yawan goga jiki, alama ce ta ƙwayar Ichthyophthirius multifiliis. Sanin rayuwarta shi ne rabin maganinta. Ɗigon da ake gani ƙwaya ce da ta shige ƙarƙashin fata tana ci, kuma a wannan hali babu maganin da yake kai gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta naɗe kanta cikin kwanso, ta rarrabu gida ɗaruruwa, sannan ƴaƴan su fito suna iyo suna neman kifi, kuma wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. A wannan ɗan lokaci na iyo ne kaɗai magani yake kama su. A ruwa mai digiri 25 zagayen nan ba ya wuce mako guda, a ruwa mai sanyi kuwa yana ɗaukar makonni. Shi ya sa ɓacewar ɗige-ɗige ba ta nufin an warke. An fi ganin wannan cuta bayan shigowar sabon kifi, ko a farkon hunturu lokacin da ruwa yake ɗumi da rana ya yi sanyi da asuba. Amma a yi hattara: idan ɗige-ɗigen sun tsaya a kan marfin gefen kai da gaban fukafukan ƙirji kaɗai, a jere, kifin kuma yana cin abinci yana bin sauran, to namiji ne da ya kai lokacin barbara, lafiyarsa lau.

Farin abu mai gashi-gashi kamar auduga, wanda ya tsiro a kan rauni ko inda ɓawo ya fita, fumfuna ce ta jinsin Saprolegnia. Ba ta cika kama lafiyayyar fata ba, tana bin rauni ne, kuma ta fi yawa a lokacin sanyi. Abokiyar kamarta, wadda ta fi ta haɗari nesa ba kusa ba, ita ce ƙwayar bakteriya Flavobacterium columnare. Wannan tana yin tabo mai launin toka ko fari-fari wanda ya kwanta a jiki ba tare da dogon gashi ba, sau da yawa a baki, ko a gadon baya ya sauko gefe biyu, wani lokaci da ja a bakin tabon, kuma fukafukai suna zaizayewa. Tana son ruwa mai zafi, tana iya kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu. A ganina, duk farin tabon da ya bayyana a Yamai tsakanin Maris da Yuni, ya kuma faɗaɗa daga safe zuwa yamma, a ɗauke shi a matsayin wannan cuta har sai an tabbatar ba ita ba ce. Shawarar da ake yawan bayarwa cewa a ƙara zafin ruwa zuwa digiri 28 ko 30 domin gaggauta kashe fararen ɗige-ɗige, an yi ta ne domin masu kiwo a ƙasashen sanyi. Ruwanmu a bazara ya riga ya kai can da kansa, kuma ƙara masa zafi ba abin da zai yi sai rage iska da ba wa wannan bakteriya ƙarfi.

Jan gyambo buɗaɗɗe, wanda ɓawo ya zube a wurin har ana ganin nama, aikin bakteriyar Aeromonas ne galibi, kuma yakan fara daga cizon ƙwaro ko rauni. Jajayen jijiyoyi a wutsiya da fukafukai ba tare da gyambo ba kuwa, sun fi nuna ƙunar amoniya ko nitrit. Bayan an gyara ruwa, wuraren da suka ƙone sukan yi baƙi na wasu makonni, kuma wannan baƙin alamar warkewa ce, ba ya buƙatar magani. Haka nan ƙaramin kifi da yake sauya launi daga baƙi-baƙi zuwa ja girma ne kawai yake yi.

Akwai ƙwari biyu da ido yake gani. Na farko Lernaea, wanda yake kama da ɗan guntun zare da ya kai santimita ɗaya ko biyu yana reto daga jiki, kansa a nutse cikin nama, wurin ya yi ja. Na biyu Argulus, ƙwarƙwatar kifi, mai faɗi da zagaye, ƴan milimita kaɗan, wadda take sauya wuri a jikin kifin idan an zuba mata ido. Dukansu sukan shigo ne tare da sabon kifi, ko tare da kainuwa da ciyayi da ƙananan kifayen da aka ɗebo daga kogi ko tafki domin ƙawata akwati.

Idan kifi yana goga jiki, yauƙinsa ya yi kauri ya yi toka-toka, numfashinsa ya yi sauri, amma ba a ga ɗigo ko ƙwaro ba, kuma ruwa yana da kyau, to zato ya koma kan ƙananan tsutsotsin fata da na mashaƙa, Gyrodactylus da Dactylogyrus, ko ƙwayoyi irin su Trichodina da Chilodonella. Likitan dabbobi mai madubin duba ƙananan halittu yana iya kankaro ɗan yauƙi ya tantance cikin mintoci. Kifin da cikinsa ya kumbura, ɓawonsa duk ya miƙe tsaye, ciwonsa a ciki yake, galibi a ƙoda, kuma da wuya ya tashi.

Mataki na huɗu: gishiri, da lissafinsa

Gishirin girki shi ne magani na farko ga fararen ɗige-ɗige, da fumfuna, da ƙwayoyin da suke sa kaurin yauƙi, yana kuma rage gubar nitrit. Kifin zinariya yana jure shi sosai. Amma gishiri tsantsa ake nufi, fari, wanda ba a haɗa shi da kayan ɗanɗano ba. Kada a yi amfani da kanwa ko gishirin lasar dabbobi, domin kanwa tana ɗaga ma'aunin pH na ruwa, wato tana rage masa tsami, wanda yake ƙara wa amoniya guba, gishirin dabbobi kuma yana gauraye da wasu ma'adinai da ƙasa.

A fara da sanin yawan ruwan. A ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a santimita, a raba da 1000. Akwati mai tsawon 80 da faɗin 35, wanda ruwa ya kai zurfin 36 a cikinsa, yana ɗauke da kusan lita 100. Abin da ake nema shi ne giram 3 a kowace lita, amma ba a zuba shi gaba ɗaya: giram 1 a lita yanzu, wani bayan awa 12, na uku bayan wata awa 12. Ga wancan akwati, giram 100 ke nan sau uku. Sikeli ya fi, amma idan babu, ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar giram 5 zuwa 6. A narkar da gishirin a kofi kafin a zuba, a fitar da tsirrai masu rai domin ba sa jurewa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yana da nasaba da yanayinmu. Ruwa yana tafiya a iska, gishiri ba ya tafiya. A bazara da hunturu ruwan akwati yana raguwa da sauri, musamman idan fanka tana kaɗa shi, kuma wanda ya cike gurbin da ruwan gishiri yana ƙara yawan gishirin ne kullum ba tare da ya sani ba. Ruwan da iska ta ɗauke, da ruwa zalla ake mayar da shi. Ruwan da aka ɗebe da hannu ne ake mayarwa da gishirinsa: idan an cire lita 30, a narkar da giram 90 a sabon ruwan.

Ga fararen ɗige-ɗige, akwatin gaba ɗaya ake yi wa magani, domin kwansunan suna cikin tsakuwa, kuma ware kifi ɗaya ba ya raba sauran da cutar. A riƙa zuƙe ƙasan akwatin kowane kwana 2, a ci gaba da gishiri har mako guda bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace, a hunturu kuwa a kai mako biyu. Ga gyambo da fumfuna, ya fi kyau a ware kifin a wata roba mai tsabta wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba, mai ɗaukar lita 30 ko fiye, da injin iska, ba tsakuwa, ana canza rabin ruwan kullum.

Mataki na biyar: maganin da ya dace da kowace cuta

Kafin a zuba kowane magani a cire gawayin da yake cikin matata, domin yana shanye shi, a ƙara iska, kuma kada a haɗa magunguna biyu a lokaci guda.

Idan bayan kwana 5 na gishiri ɗige-ɗige suna ƙaruwa, a koma ga maganin da masu sayar da kifin ado suke kawowa, wanda galibi ya ƙunshi koren malakit, wani lokaci haɗe da formol, a bi ƙa'idar da take jikin kwalbar. Formol yana cinye oksijin ɗin ruwa, saboda haka ban ga dalilin amfani da shi ba a ruwan da ya haura digiri 27. A sa safar hannu, kuma kifin da aka yi wa wannan magani ba a ci, ba a ba wa kyanwa. Ga fumfunar da ta ƙi jin gishiri, shuɗin metilen yana aiki a kan miligiram 2 a lita, wato mililita 1 na ruwan maganin mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari a kowace lita 5. A robar jinya ake sa shi, domin yana kashe ƙwayoyin matata masu amfani, yana kuma rina duk abin da ya taɓa. Farmanganat, wanda ake samu a kantin magani, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma tazarar da take tsakanin abin da yake warkarwa da abin da yake ƙona mashaƙa ƙanƙanuwa ce, don haka ba na ba sabon mai kiwo shawarar taɓa shi.

Tsutsotsin fata da na mashaƙa suna jin praziquantel, wato maganin nan da aka sani na tsargiya a garuruwan bakin kogi. Ana sa kusan miligiram 2.5 a lita, ke nan ƙwaya ɗaya mai miligiram 600 ta ishi lita 240. Ba ya narkewa da sauƙi, sai an niƙe shi lilis an kaɗa sosai a ɗan ruwa. A bar shi kwana 5, a canza ruwa, a maimaita bayan mako guda, domin tsutsar mashaƙa ƙwai take yi, kuma maganin ba ya kashe ƙwan. A saya da shawarar likitan dabbobi, kada a karkatar da wanda aka raba domin yara.

Lernaea da Argulus da hannu ake cire su. A jiƙa hannu da tsumma mai laushi da ruwan akwatin, a kwantar da kifin a kai, a rufe masa ido da gefen tsumman, a kama ƙwaron da matsefata daf da fata a ja a hankali domin kan ya fito, sannan a ɗiga Betadine da tsinken auduga a wurin, a kiyaye kada ya shiga ido ko mashaƙa, a mayar da kifin ruwa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ƙwai da ƴaƴansu suna nan a akwatin, saboda haka a ci gaba da dubawa na tsawon wata guda, idan suna dawowa a nemi maganin ƙwarin ruwa da aka yi musamman domin kifi. Maganin ƙwarin gona ko na ɗaki ba ya shiga wannan magana ko kaɗan.

Ƙaramin gyambo yakan rufe da ruwa mai tsabta da gishiri da shafa Betadine sau ɗaya. Ba a maimaita shafawar kullum, domin tana kashe sabuwar fatar da take tsirowa, wadda ake ganewa da fari-farin da yake bayyana a bakin gyambon. Gyambo mai zurfi, ko tabon toka mai saurin yaɗuwa, yana buƙatar maganin bakteriya daga likitan dabbobi, kuma idan kifin yana cin abinci, ba shi a cikin abinci ya fi zuba shi a ruwa. Buɗe kafso na masu tallan magani a zazzage cikin akwati ba ya warkarwa sau da yawa, yana kashe ƙwayoyin matata masu amfani, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Bayan an warke

A fitar da gishiri sannu a hankali ta hanyar canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane kwana 3 ba tare da an mayar da shi ba, a dawo da abinci kaɗan-kaɗan, abin da za su cinye cikin minti 2. A sake duba yawan kifayen, domin kifin zinariya yana kai santimita 15 zuwa 20 ko fiye, yana rayuwa sama da shekara 10, kuma ƙaramar ƙwaryar gilashi mai zagaye wadda ba ta da matata ba za ta taɓa riƙe shi lafiya ba. Duk sabon kifi ya yi mako 4 a wata roba dabam, da ragarsa da tiyonsa dabam, kafin ya haɗu da na gida.

Mai rauni a hannu ya sa safa kafin ya tsoma shi a ruwan kifi, domin akwai ƙwayar Mycobacterium marinum da take iya shiga ta yanka ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa, kuma duk wanda ya ga irin wannan ƙurji ya gaya wa likita cewa yana kiwon kifi. Kifin da ya mutu a cire shi nan take a binne shi. Shi da ruwan magani da ciyayin akwati, kada a zuba su a kwata ko a kogi.